Intanet a Gidan Ƙauye: Tauraron Ɗan Adam ko Layin Waya?

Hanyoyi biyu intanet yake bi ya isa gidan da ke nesa da birni a jihar Gombe. Ko dai ya biyo ƙasa, ta wayoyin da aka binne har zuwa ƙarfen sabis, daga nan ya shiga layin waya, ko kuma ya sauko daga tauraron ɗan Adam zuwa wani faranti da aka kafa a kan rufi. Masu fuskantar wannan zaɓi suna da yawa: malamin makaranta a ƙauyukan Dukku, mai shagon POS a Talasse, ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a yankin Nafada, da kuma ɗan gari da ke aiki a Abuja ko Saudiyya ko Ingila, wanda ya gina wa iyayensa gida a ƙauye, yana so ya riƙa ganin fuskarsu idan ya kira. Kowanne daga cikinsu yana iya kashe kuɗi masu yawa a kan abin da ba zai biya masa buƙata ba, idan bai san yadda hanyoyin biyu suke aiki ba.

A ƙasashen Turai, mai gidan karkara yakan auna tsakanin tauraro da tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe, wadda ta shiga kusan kowane gida tun shekaru masu yawa. Ta cikin wannan waya ake tura intanet da fasahar da ake kira DSL, kuma ƙarfinta yana raguwa gwargwadon nisan gida daga ofishin tarho. Idan nisan ya wuce kamar kilomita 5, abin da ke isowa ba ya taka kara ya karya. Su ma can sun fara naɗe wannan tabarma, domin kamfanin Orange na Faransa ya tsara rufe wayoyinsa na jan ƙarfe zuwa shekarar 2030. Nijeriya kuwa ba ta taɓa samun irin wannan shimfiɗa ba. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, bai kai ga haɗa layuka 500,000 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100, kuma yawancin layukan suna manyan birane da ofisoshin gwamnati. Da aka sayar da lasisin wayar salula a Janairun 2001, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, Globacom ya biyo baya a 2003, Etisalat a 2008, sai ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken tarho ba suka tsallaka kai tsaye zuwa wayar hannu. Saboda haka a Kwami ko Shongom, intanet na layin waya yana zuwa ne ta sim da ƙarfen sabis.

Tafiyar da saƙo yake yi kafin ya iso wannan ƙarfe doguwa ce. Manyan wayoyin da suka haɗa Nijeriya da sauran duniya suna kwance a ƙarƙashin teku, kuma galibinsu a Legas suke fitowa: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na kamfanin Google a 2022. Daga Legas sai wayoyin faiba, masu ɗauke da saƙo cikin haske, su bi gefen tituna sama da kilomita 1,000 kafin su iso Gombe. Daga birni kuma saƙon ya riƙa tsalle daga ƙarfe zuwa ƙarfe har ya kai ƙauye. Duk inda aka samu tangarɗa a wannan doguwar hanya, mai waya a Bajoga zai ji a jikinsa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku da dama sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanonin waya suka shiga matsala a faɗin Afirka ta Yamma. Abin da ya fi yawan faruwa dai na kusa ne: motar aikin titi ta tsinke faiba, ɓarayi su sace batir ko man dizal a gindin ƙarfe, ko janareton ya tsaya.

Matakin ƙarshe, wato tsakanin ƙarfen sabis da gida, shi ne ya fi shafar mai zaɓi, kuma nan ya kamata a daɗe. Sabis yana raunana da nisa, amma nisa kaɗai ba ya bayyana komai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewacin jihar, wajen Dukku da Nafada da Funakaye, sabis yana iya tafiya kilomitoci da yawa ba abin da ya tare shi, sai dai garuruwan a warwatse suke, ƙarafan kuma tsakaninsu da nisa. A kudu labarin ya bambanta. Duwatsun Tula da na Kaltungo da na ƙasar Tangale suna tare sabis, ta yadda gida zai kasance kusa da ƙarfe amma dutse ya shiga tsakani, a rasa komai, alhali wani gida mai nisa a kan tudu yana samu sosai. Kayan ginin ma suna da tasiri: katangar laka mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin sabis a cikin ɗaki, shi ya sa ake ganin mutum ya fito tsakar gida ko ya hau tudu kafin ya amsa waya.

Akwai kuma bambancin zangon da kamfani yake watsa sabis a kai. Ƙananan zanguna, irin na megahaz 800 da 900, suna tafiya nesa suna kuma ratsa bango, amma kayan da suke ɗauka kaɗan ne. Manya, irin na 1800 da 2600, sun fi sauri amma ba sa nisa. Sabis na 5G, wanda MTN ya fara a manyan birane a 2022, yana kan zango mafi girma, don haka mai gidan ƙauye bai kamata ya gina lissafinsa a kansa ba tukuna. Abin nema shi ne 4G mai tsayawa daram. Inda waya take komawa kan harafin E ko 2G, kira da saƙon tes za su shiga, amma hoto mai motsi ba zai yiwu ba.

Wani abin da yake rikita mutane shi ne cikar sandunan sabis a fuskar waya alhali shafi ya ƙi buɗewa. Sandunan suna nuna ƙarfin haɗuwar waya da ƙarfe ne kawai. Ba sa nuna yawan mutanen da ke rabon wannan ƙarfe a lokacin. Ƙarfen sabis kamar rijiyar gari yake: da asuba mai guga ɗaya zai cika tulunsa nan take, da yamma kuwa sai an bi layi. Ranar kasuwa, ko bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya koma kan wayarsa, gudun intanet yakan faɗi ƙasa warwas a garin da ƙarfe ɗaya ne ke ɗauke da shi.

Wannan ne ya sa gwaji ya zama wajibi kafin a sayi komai, kuma gwajin ba ya cin kuɗi. A ari layukan kamfanoni daban-daban daga maƙwabta, a sa su ɗaya bayan ɗaya a waya mai 4G, a gwada a ɗaki, a tsakar gida, a kan katanga, sannan a kan rufi. A maimaita da safe, da rana da kuma dare, har na tsawon mako guda, a haɗa da ranar kasuwa. A cikin saitin yawancin wayoyin Android, wajen bayanin sim, akwai wata lamba mai alamar ragi a gabanta wadda ta fi sanduna faɗin gaskiya. Idan tana tsakanin 80 da 90, sabis yana da kyau. Idan ta kai 100 zuwa 110, ya yi rauni amma ana iya ceto shi. Idan ta doshi 120, kusan babu. Mutumin da ke ƙasar waje yana iya sa ƙaninsa ko ɗan 'yar uwarsa ya yi masa wannan aiki ya turo masa lambobin, maimakon ya yanke hukunci daga nesa bisa abin da ya gani a talla.

Ceton sabis mai rauni yana yiwuwa da kayan da ba su kai farashin tauraro ba ko kusa. Ana samun rauta mai cin sim, wadda ake haɗa ta da eriya ta waje. A ɗaure eriyar a kan dogon bututu mai tsawon mita 6 zuwa 10, a juya fuskarta sannu a hankali har ta kalli inda ƙarfen sabis yake, a sauko da waya zuwa rautar a cikin ɗaki, ita kuma ta raba wa gida ta wayfai. Tsawon nan yakan ɗaga eriya sama da bishiyoyi da rufin maƙwabta, kuma sau da yawa shi kaɗai yake mai da gidan da ba a iya kiran bidiyo ya zama ana yi ba yankewa. Wayar da ke saukowa kada ta yi tsawo fiye da kima, don ƙarfin yana zubewa a hanya. Wannan eriya dabam take da na'urar ƙara ƙarfin sabis da wasu ke sayarwa a kasuwa, mai karɓar sabis ta sake watsa shi. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gargaɗi jama'a kan amfani da irin wannan na'ura ba tare da izini ba, saboda tana dagula wa maƙwabta nasu sabis ɗin.

Sai hanya ta biyu. Taurarin sadarwa iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya sa wasu suke yi wa sabon hukunci da laifin tsohon. Tsohon iri yana can sama da nisan kilomita 35,786, inda gudunsa ya yi daidai da juyawar duniya, don haka daga ƙasa ake ganinsa tsaye wuri ɗaya. Irinsa ne ke kawo tashoshin talabijin, irinsa ne kuma bankuna da gidajen intanet na farkon shekarun 2000 suka dogara da shi. Nijeriya tana da nata: an harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwamban 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011. Matsalar wannan iri ita ce jinkiri. Saƙo yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya hau ya sauko, amsa ma ta hau ta sauko, tafiya huɗu ke nan, jimilla sama da kilomita 140,000. Sakamakon shi ne jiran kimanin rabin daƙiƙa a kowace tambaya da amsa, abin da ke sa masu hira su riƙa cin karo da maganar juna.

Sabon iri yana ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550 kawai. Fitaccensa shi ne Starlink na kamfanin SpaceX a Amurka, wanda ya harba rukunin farko na taurari 60 a watan Mayun 2019, yanzu kuma yana da dubbai. Tunda suna kusa, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Kowanne yana zagaye duniya cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, farantin da ke kan rufi kuma yana sauya tauraron da yake magana da shi ba tare da mai gida ya sani ba. Jinkirin ya ragu ƙwarai, har kiran bidiyo yana tafiya kamar na birni, gudun kuma yakan haura megabit 50, wani lokaci ya wuce 100. NCC ta ba kamfanin lasisi a 2022, lokacin da Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ɗan nan Gombe, yake ministan sadarwa, kuma a Janairun 2023 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka kunna shi. Jamhuriyar Nijar ta samu nata a 2025.

Alherin tauraro a fili yake: ba ruwansa da dutse, ba ruwansa da nisan ƙarfen sabis. Rugar da ke bayan Dutsen Bima da gidan da ke tsakiyar Tudun Wada duk sama ɗaya ce a kansu. Hasali ma mutumin karkara ya fi na birni morewa, domin taurarin da ke wucewa ta kan kowane yanki iyakacin abin da za su ɗauka ke nan, kuma a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista a Legas da Abuja saboda cunkoso. Abin da farantin yake buƙata shi ne sarari buɗaɗɗe a sama. Reshen kuka ko tsamiya ko dogon yaro da ya shiga gabansa zai riƙa yanke haɗin na 'yan daƙiƙu duk sanda tauraro ya bi ta bayansa. Manhajar kamfanin tana da wurin da ake ɗaga kyamarar waya sama a duba ko wurin da aka zaɓa ya dace, kuma ana iya yin wannan tun kafin a saya. Sare bishiyar da ta shekara hamsin tana ba gida inuwa saboda faranti hasara ce babba a ƙasa mai zafi irin wannan. Ɗaga farantin a kan turke ya fi.

Kuɗi ne ke raba gardama a yawancin gidaje. A 2025 farantin Starlink na gida da kayansa ya kai naira 590,000, kuɗin wata kuma naira 57,000, bayan ya daɗe a kan 38,000. A Oktoban 2024 kamfanin ya yi yunƙurin kai shi 75,000, NCC ta ce ba da amincewarta ba, aka janye. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Ke nan kuɗin wata ɗaya na tauraro ya kusa cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. Farashin yana bin darajar dala, don haka wanda zai shiga ya shiga da sanin cewa yana iya ƙaruwa. Datar layin waya ma ta yi tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, amma yanayin biyan ya sha bamban. Ana sayen data gwargwadon hali: ta kwana ɗaya, ta mako, ta wata. Manomin da kuɗi ke shigo masa da kaka, su yi ƙaranci a tsakiyar damina, yana iya rage sayen data a watan Agusta ya ƙara a Nuwamba. Kuɗin tauraro kuwa dunƙule yake, ko an yi amfani da shi sosai ko ba a yi ba.

Lissafin da ya dace shi ne na yawan abin da gidan yake ci. Saƙon WhatsApp da kiran murya ba sa cin komai sosai. Minti ɗaya na kiran murya bai kai megabait ɗaya ba. Bidiyo ne ke shanye data: sa'a ɗaya ta kallo mai matsakaicin kyau tana cin wajen gigabait ɗaya, mai kyau sosai kuma har uku. Gidan dattawa biyu da ke karɓar kiran 'ya'yansu, suna sauraren karatu, suna kallon ɗan abin da aka turo, da wuya su wuce gigabait 20 ko 30 a wata. A ƙaddara, don misali kawai, cewa gigabait ɗaya yana kamawa naira 300 a babban ƙunshi. Naira 57,000 za ta sayi gigabait 190. Gidan da ba ya kaiwa nan, kuma yana da 4G mai kyau, ba shi da dalilin sayen faranti. Makarantar da ke koya wa ɗalibai 40 amfani da kwamfuta domin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tana iya wuce wannan adadi, kuma a wurinta tauraro ya fi araha.

Wuta ita ce abin da aka fi mantawa da shi, kuma ita ce ta fi kayar da masu sayen faranti. Farantin gida yana jan wat 50 zuwa 100, gwargwadon samfurinsa. Ƙaramin samfurin da ake kira Mini yana jan 25 zuwa 40. Rauta mai sim ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba, wayar hannu kuma caji ɗaya ya ishe ta yini. Faranti mai jan wat 75, idan ya yi sa'a 10 a kunne, ya ci wat-awa 750. Batirin sola na gama-gari mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200 a rubuce, amma idan irin mai ruwan asid ne, rabin wannan kawai ake so a sha don kada ya mutu da wuri, wato 600. Batir ɗaya ba zai kai faranti tun daga magariba har asuba ba, ballantana a ƙara fanka da fitilu. Dogaro da wutar NEPA a ƙauye kuwa kowa ya san yadda yake. Ko birnin Gombe ya ɗanɗana a watan Afrilun 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, yankin arewa maso gabas ya shiga duhu na makonni. Duk wanda zai sayi faranti ya sa kuɗin faifan sola da batir da inbata a cikin lissafin farko, domin suna iya kusan ninka abin da zai kashe.

Yanayi yana taɓa hanyoyin biyu ta fuskoki dabam. Ruwan sama mai ƙarfi yana shanye irin zangon da tauraro ke amfani da shi, kamar yadda masu kallon ƙwallo suka saba gani idan hadari ya taso hoton talabijin ya daskare. Yankewar ba ta cika wuce 'yan mintoci ba, kuma yayyafi ba ya hana komai, amma a watan Agusta za a riƙa gamuwa da ita. Hazon hunturu bai cika damun sabis ba. Faifan sola yake rufewa da ƙura, sai an riƙa gogewa. Zafin bazara abin lura ne, domin an ƙera farantin ya yi aiki har zuwa digiri 50, kuma rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da iska kanta ta kai 40, yana iya wuce haka. A ɗaga shi sama da kwanon yadda iska za ta ratsa ƙarƙashinsa. Guguwar farkon damina mai yaye rufi tana buƙatar a ɗaure faranti ko bututun eriya da ƙarfe da kusoshi, ba da igiya da bulo ba. Dogon bututun ƙarfe a fili kuma yana jan aradu, don haka a sa masa waya mai kauri da za ta sauka cikin ƙasa, a kuma cire na'urori daga soket idan tsawa ta yi yawa.

Akwai abin da tauraro ba ya yi, kuma rashin saninsa ya sa wasu cizon yatsa. Ba ya maye gurbin sim. Lambar sirri da banki ke turowa ta saƙon tes, tura kuɗi ta lambobi masu alamar tauraro da tsani da ake dannawa a ƙaramar waya, kiran wanda ba shi da babbar waya, duk ta ƙarfen sabis suke bi. Gidan da ba sabis ko kaɗan, idan ya kafa faranti, zai yi kiran WhatsApp zuwa Jidda lafiya lau, amma ba zai kira maƙwabcin da ke riƙe da ƙaramar waya a gona ba. Mai POS ya tabbatar na'urarsa tana karɓar wayfai kafin ya ɗora kasuwancinsa a kan faranti, domin da yawa daga cikinsu da sim kaɗai suke aiki.

Haɗa kuɗi tsakanin maƙwabta yana sauƙaƙa nauyin wata, kuma ga gida babba mai sassa da yawa hakan yana da ma'ana. Sai dai wayfai ba ya nisa. Katanga biyu ko uku na laka sun isa su kashe shi, kai shi wani sashe kuma sai an ja waya an ƙara wata na'ura. Sayar wa jama'a intanet a matsayin sana'a wani abu ne dabam: sharuɗɗan rajistar gida ba su yarda da shi ba, kuma sana'ar tana buƙatar lasisin NCC. Wajen saye ma a yi hattara da faranti na hannu. Kowane faranti yana ɗaure da asusun wanda ya yi masa rajista, kuma idan mai shi bai sake shi ba, ko akwai bashi a kansa, sabon mai shi ba zai iya kunna shi ba. Wanda aka sayo a wata ƙasa aka shigo da shi a jaka yana iya zuwa da irin wannan matsala, don haka ɗan da ke waje gara ya turo kuɗi a saya a nan, a yi rajista da adireshin gidan da za a kafa shi.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hukuncin ya karkata ga layin waya a mafi yawan gidajen karkarar Gombe. Inda gwaji ya nuna 4G, ko da mai rauni ne a kan rufi, rauta da eriyar waje sun wadatar, da layi na biyu na wani kamfani a ajiye saboda ranar da na farko ya ɗauke. Tauraro ya cancanci kuɗinsa a wurare uku: inda babu sabis sam ko 2G kaɗai ake samu, inda masu amfani suke da yawa kamar makaranta da asibiti da babbar gona, da kuma inda aikin mutum ya dogara kacokan a kan intanet mai ƙarfi, kamar mai koyarwa ko mai aiki da kamfanin waje daga gida. Irin wannan mutum ma ya riƙe datar waya a gefe saboda sa'ar hadari.

Abin damuwa shi ne waɗanda suka fi buƙatar tauraro, mazauna lungunan da kamfanoni ba su ga ribar kafa ƙarfe ba, su ne mafi ƙarancin halin biyansa. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, domin kai sabis irin waɗannan wurare. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin gudun megabit 10 a karkara da 25 a birni, da kaiwa kashi 70 cikin 100 na jama'a, amma alƙaluman NCC na 2025 sun tsaya wajen rabi. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. Wasu ƙananan ƙarafan sabis masu aiki da sola da ake kafawa a ƙauyuka yanzu da tauraro suke haɗuwa da sauran duniya, sannan su raba wa gari ta sim, wanda hakan yake sauke nauyin faranti daga kan gida ɗaya zuwa kan kamfani. Al'ummar da ba ta da sabis tana da damar rubuta koke ta hannun hakimi da shugaban ƙaramar hukuma zuwa ga NCC da kamfanonin waya, tare da bayanin yawan jama'a, da kasuwa, da makarantu, da nisan ƙarfe mafi kusa. Tunda ana ƙara kafa ƙarafa ana kuma sauya farashi, gidan da ya gwada sabis bara bai samu ba ya sake gwadawa bana kafin ya biya kuɗin faranti.